Na'urar Gwajin Ƙwayoyin Cuta da Rabon Mutanen Karkara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata na'urar gwajin ƙwayoyin cuta mai suna MALDI-TOF da ta rage wa likitoci zaman jira a ƙasashen waje, da kuma abin da nake ganin sai an yi kafin amfaninta ya iso karkara. Na yi aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti har na yi ritaya, yanzu kuwa ina zaune a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Gwaram.

A daminar bara an kwantar da jaririn wata 'yar ƙanena a wani asibiti, jikinsa zafi rau, ya ƙi kama nono. Cikin kwana biyar sau uku aka sauya masa allura kafin Allah Ya sa aka dace. Ban ga laifin likitan ba, domin lalube yake yi a cikin duhu: babu wanda ya san ƙwayar cutar da ke cikin jinin yaron, balle maganin da take ji. Ko a inda ake da kayan aiki, sai an shuka jinin a kwalba, a jira ƙwayar ta tsiro, a mayar da ita faranti, sannan a jera mata magunguna a ga wanda zai hana ta yaɗuwa, aikin da kan ci kwana biyu zuwa uku.

Na'urar da nake magana ana kiranta MALDI-TOF, kuma aikinta awon nauyi ne. Ana shafa ɗan ƙwayar cutar da ta tsiro a kan farantin ƙarfe, a ɗiga mata wani sinadari, sai hasken leza ya buge ta, furotin ɗin jikinta su tashi su bi ta cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Marasa nauyi su ne kan riga isa, masu nauyi su biyo baya, kuma tsarin isowarsu ya bambanta daga wata ƙwaya zuwa wata kamar zanen yatsa, saboda haka cikin 'yan mintuna kwamfuta take faɗin sunan ƙwayar. Koichi Tanaka na Japan yana cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2002 saboda binciken da ya share fagen wannan fasaha, kamfanonin Bruker da bioMérieux kuma su ne suka fi shahara wajen ƙera ta.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda take tona asirin ƙwayar da ta bijire wa magani. Wasu ƙwayoyin, irin su Klebsiella da E. coli, suna fitar da sinadarin da ke karya maganin kafin ya yi aiki, har da meropenem wanda likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. Tun 2011 masana suka nuna cewa idan aka cuɗa ƙwayar da maganin na 'yan awoyi, sannan aka auna maganin, za a gane ko an karya shi, domin karyayyen magani yana ɗaukar ƙwayar ruwa guda, nauyinsa ya ƙaru da 18 a ma'aunin na'urar. Duk mai awon hatsi ya san buhun da aka jiƙa ba ya ɓoyuwa a kan sikeli. Sai dai ba kowace turjiya take kamawa ta wannan hanya ba, domin akwai ƙwayoyin da ke tofar da maganin ko su toshe masa ƙofa ba tare da sun karya shi ba, shi ya sa tsohon gwajin faranti bai zama tarihi ba.

Buƙatarmu kuwa ta fi ta masu ƙera na'urar. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wanda ya ga yadda ake sayen kafso ɗaiɗai a kemis da tiren 'yan talla ranar kasuwa, har a zuba wa kaji a ruwa, ba zai yi mamaki ba.

Ban ce a kawo na'urar kowane asibitin karkara ba. Tana da tsada ƙwarai, tana son wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararren mai gyara. Muhallinta manyan asibitoci ne irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse. Amma na'urar ba ta aiki sai an fara tsirar da ƙwayar, don haka awoyin da take ragewa ba za su amfani jaririn Gwaram ba muddin ba a ɗebi jininsa kafin allurar farko ba, domin allurar kan iya hana ƙwayar tsirowa a kwalba. Kirana ga ma'aikatun lafiya na Kano da Jigawa shi ne, duk kasafin da zai sayi irin wannan na'ura ya ƙunshi kwalaben shuka jini na asibitocin ƙananan hukumomi, da babur ko motar da za ta kwashe su kullum zuwa birni, da ma'aikacin da zai buga wa likitan ƙauye waya da zarar sakamako ya fito.

Na gode.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Gwaram, Jihar Jigawa.