Zuwa ga abokan cinikinmu: kada ku biya kuɗin tsohuwar motar Amurka sai mun karanta injinta

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Da yawa daga cikinku kan turo mana hoton wata tsohuwar Chevelle ko Mustang ko Charger, tare da cewa mai sayarwa ya rantse injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta. Daga yanzu ba za mu rubuta "injin asali" a takardar kowa ba sai mun je mun gani da idonmu. Ga dalili.

Mu ɗauki Chevelle SS 454 ta 1970, ƙirar Chevrolet, mai babban injin da ake kira LS6, mai ƙarfin doki 450. Lambar shasinta ba ta nuna girman injin, abin da kawai take nunawa game da injin shi ne silinda takwas ce. Shi ya sa masu ha'inci ke son ta: a samo Chevelle gama-gari, a dasa mata babban inji, a ninka farashi.

A gaban injin, ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili mai santsi da ake buga lamba. Idan kuka ga irin T0512CRV, T ɗin masana'antar Tonawanda ce ta jihar New York, 0512 na nufin an haɗa injin ranar 12 ga Mayu, CRV kuma LS6 ne mai giyar hannu. A kan buga wutsiyar lambar shasi a jikin injin, abin da ya zama ruwan dare tun 1968. Sai dai kowa na iya sayen ƙarfen buga lamba da guduma. Saboda haka mu fatar ƙarfen muke fara dubawa. Na'urar masana'anta kan bar siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya. Idan aka kankare wurin don a sake bugawa, sai layukan su ɓace, ko su koma masu zagaye. Hoton waya ba ya nuna wannan, sai an goge wurin an haska fitila daga gefe.

Daga nan sai bayan injin, inda lambar zubi da ranar zubi suke. Waɗannan tare da ƙarfen aka zuba su, a kumbure suke, don haka sauya su da wuya. Harafin A Janairu ne, B Fabrairu, haka har ƙarshen shekara. Dole ranar zubi ta riga ranar haɗa inji, ita kuma ta riga ranar da aka gama motar. Ɗa ba ya girme ubansa. In inji ya zo bayan motar, magana ta ƙare.

Takardu ma muna nemansu. Masu Ford daga 1967 suna da Marti Report, masu Pontiac suna da PHS, wato takardun da ke nuna yadda mota ta fito daga masana'anta. A Dodge da Plymouth na 1970 kuwa, harafi na biyar a lambar shasi idan R ne, da injin 426 Hemi motar ta fito. Chevelle ce mai wahala, wani lokaci sai an sauke tankin mai ko an ɗaga kujera kafin a samu takardar haɗin motar, in ma ba ta ruɓe ba.

Ba mu ce injin da aka sauya ba shi da kyau ba. Wasu ma dila ne ya sauya su tun motar na sabuwa, a na Chevrolet za ku ga an buga CE, alamar injin canji, a jikinsu, kuma suna aiki lafiya lau. Abin da ke damunmu shi ne mutum ya tara guminsa ya biya kuɗin na asali, a ba shi wani. Idan mai mota ya hana a goge wurin lamba ko a leƙa bayan inji, za mu ba ku shawarar ku haƙura da ita, ko da kun riga kun ƙwallafa rai.

Ku tuntuɓe mu kafin ku ba da ko kafin alƙalami.

Allah Ya sanya albarka a cinikinmu.

Naku,
Dukkan ma'aikatan garejinmu