Sanarwa: walimar taya ƴarmu murna ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye mata da ƴan uwa na rukunin masu mai da ƙuliƙuli. Da fatan an tashi lafiya.

Albishirinku! Ƴarmu da ke karatun digiri na biyu ta samu lambar yabo daga jami'a kan binciken da ta yi game da funfunar gyaɗa. Don haka za mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a gidan shugabarmu da ke Birni, mu yi mata barka, ita kuma ta yi mana bayani.

Abin ya shafi tukunyarmu kai tsaye. Funfunar nan, Aspergillus flavus, ita ke haifar da gubar afalatoksin idan gyaɗa ta shiga buhu da sauran danshi. Suya ba ta kawar da gubar, tuya ma haka, sai ta bi tunkuza har cikin ƙuliƙulin da yaranmu ke gurgura. Tana kawo kansar hanta. A 1960 ta kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila, daga nan ne aka gano ta. Ni dai a ganina wannan bayani ya fi walimar muhimmanci.

Kowa ta kai kuɗi jika ɗaya wurin ma'ajiya kafin Alhamis. Ku zo da ƴar gyaɗa cikin ƙwarya daga wadda kuke saro wa a Matamaye ko Magaria, har da masu yamushi da masu kore-kore, don a tsince tare. Don Allah kar a makara.

Allah ya yi wa karatunta albarka, ya bar zumunci.

Taku,
Magatakardar rukuni