Amsar Tambayarka a Kan Ɗan Takara Mai Matsakaicin Ra'ayi da Gabar Jam'iyyu a Amurka

Malam, assalamu alaikum.

Tambayar da ka yi mini a bainar jama'a ita ce: da Amurkawa za su samu ɗan takarar shugaban ƙasa mai matsakaicin ra'ayi, wanda bai zafafa ta kowane ɓangare ba, ashe ba zai rage gabar da ke tsakanin 'yan Democrat da 'yan Republican ba? Ka kuma ƙara da cewa jama'a sun gaji da faɗan, mai raba su kawai suke jira. Tun da a fili ka yi tambayar, a fili zan ba ka amsa.

Ra'ayina shi ne irin wannan mutum zai iya tausasa harshe, zai iya fitar da wasu dokoki da haɗin kan ɓangarorin biyu, amma gabar ba za ta kwanta saboda shi ba. Abin da ke hura wutar yana can ƙasa da kujerar shugaban ƙasa, a wurin da ake tsayar da 'yan takara da yadda ake ƙidaya ƙuri'a. Ita kujerar ma tana ƙara wa wutar itace, ko wane ne a kanta.

Bari mu fara da maganarka ta cewa jama'a suna tsakiya. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2019, kashi 38 cikin 100 na Amurkawa sun ce ba su cikin kowace jam'iyya. Da aka tambaye su inda suka fi karkata, kashi 7 kacal suka rage waɗanda ba su da ɓangare ko kaɗan. Sauran suna ƙin sunan jam'iyya a baki, amma ranar zaɓe sun san akwatin da suke jefa wa. Akwai kuma wani abin da ke ruɗin masu lissafi. Mutum yana iya son a rufe iyaka ruf, kuma yana son gwamnati ta ɗauki nauyin maganin kowa. In ka haɗa amsoshinsa ka raba biyu sai ya fito kamar ɗan tsakiya, alhali a kowane batu ra'ayinsa mai zafi ne. Ɗan takarar da ya zo da rabi-da-rabi a kan komai ba zai gamsar da irin wannan ba.

To, mu ɗauka an samu mutumin. Ta ina zai bi? Hanya biyu ce, kuma kowace da ƙayarta.

Ta farko ya tsaya da ƙafarsa, ko a ƙarƙashin wata sabuwar jam'iyya. Kafin sunansa ya hau takardar zaɓe sai ya cika sharaɗin kowace jiha daban, domin ba hukumar zaɓe guda ce ke tafiyar da ƙasar ba. A zaɓen 2024 Kalifoniya ta nemi sa hannun mutum fiye da 200,000 daga ɗan takara mai zaman kansa, Texas fiye da 100,000, kuma lauyoyin manyan jam'iyyu suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya don su soke na bogi ko waɗanda aka rubuta ba daidai ba. In ya tsallake wannan, sai ya tarar da babban shingen: ba yawan ƙuri'un jama'a ke naɗa shugaba ba, wakilan zaɓe 538 ne, kuma sai an samu 270. A jihohi 48 wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. Maine da Nebraska ne kawai ke rabawa ta mazaɓu. Shi ya sa Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, a 1992 ya samu kusan kashi 19 na ƙuri'un ƙasa, mutum sama da miliyan 19, amma bai samu wakili ko ɗaya ba. John Anderson, ɗan Republican mai sassauci da ya tsaya da kansa a 1980, bai kai kashi 7 ba. Mutum na ƙarshe daga wajen manyan jam'iyyun da ya ci jihohi shi ne George Wallace a 1968, da wakilai 46, kuma shi ɗan wariyar launin fata ne mai goyon baya a dunƙule a Kudu. Tsarin yana saka wa wanda ƙuri'unsa suka taru wuri guda, shi kuwa mai matsakaicin ra'ayi nasa a warwatse suke, yana zuwa na biyu ko na uku a ko'ina.

Ko da ya ci jihohi kaɗan ya hana kowa kai wa 270, ba shi zai amfana ba. Tsarin mulki ya ce sai a mayar da zaɓen Majalisar Wakilai, kowace jiha ƙuri'a ɗaya, kuma 'yan jam'iyyun nan biyu ne ke zaune a can. Masu zaɓe ma sun san lissafin. Sun ga yadda Ralph Nader, ɗan takarar ƙaramar jam'iyyar Green, ya samu ƙuri'a kusan 97,000 a Florida a 2000, a jihar da ratar ƙuri'a 537 ta yanke hukunci tsakanin manyan 'yan takara biyu. Ƙungiyar No Labels ta kashe kuɗi da lokaci tana sama wa irin ɗan takarar da kake magana a kai gurbi a jihohi, amma a Afrilun 2024 ta janye, don ba ta samu fitaccen mutumin da ya yarda ya hau ba. Americans Elect ta yi irin wannan yunƙurin a 2012, ita ma ta tashi a tutar babu.

Hanya ta biyu ya shiga ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ya nemi tikiti. Tun daga 1972, bayan rikicin babban taron Democrat na 1968, ikon tsayar da ɗan takara ya bar hannun dattawan jam'iyya ya koma zaɓen fidda gwani. Masu fitowa wannan zaɓen ba su da yawa, kuma galibi waɗanda siyasar ta fi ci wa rai ne. Duk da haka ƙofar ba a kulle take ba, don an sha ganin masu sassauci sun bi ta nan har sun kai Fadar White House. Nan ne tambayarka take samun gwaji na zahiri, kuma nan nake so ka tsaya ka duba da kyau.

Bill Clinton ya janye jam'iyyarsa zuwa tsakiya da gangan. Ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci ta NAFTA, ya sa hannu a dokar rage tallafin marasa galihu a 1996, abubuwan da 'yan Republican suka daɗe suna nema. A Disambar 1998 Majalisar Wakilai da ke hannunsu ta kaɗa ƙuri'ar tuhumarsa da nufin a tsige shi. Barack Obama ya yi suna ne da jawabin 2004 na cewa Amurka ɗaya ce, kuma dokar inshorar lafiyarsa ta yi kama da wadda Mitt Romney, ɗan Republican, ya sa wa hannu a Massachusetts a 2006. Da aka zo kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a 2010, ko ɗan Republican ɗaya bai goyi bayanta ba.

Joe Biden ne misali mafi kusa da hoton da ke ranka: shekara 36 a Majalisar Dattawa, abokai a ɓangarorin biyu, kamfe kan haɗin kai. Kuma a ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki. Dokar gina hanyoyi da gadoji ta 2021 ta wuce Majalisar Dattawa da ƙuri'a 69 da 30, har da 'yan Republican 19, cikinsu da jagoransu Mitch McConnell. A 2022 an yi dokar taƙaita mallakar bindiga da goyon bayan sanatocin Republican 15, irinta ta farko cikin kusan shekara 30. Amma duba ɓangaren jama'a. Yawancin wa'adinsa, 'yan Republican da suka yaba da aikinsa ba su kai kashi 10 ba. A binciken Pew na 2022, kashi 72 na 'yan Republican sun ce 'yan Democrat sun fi sauran Amurkawa rashin ɗa'a, kashi 63 na 'yan Democrat suka mayar da irin wannan martanin. A 2016 alƙaluman 47 da 35 ne. Ana ƙulla yarjejeniya a majalisa, ƙiyayya tana ƙaruwa a gidaje. Abu biyu ne daban, kuma na biyun ne ya dame ka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masaniyar siyasa Frances Lee ta bi diddigin ƙuri'un Majalisar Dattawa na shekaru da dama, ta gano cewa batun da ba na aƙida ba ma, da zarar shugaban ƙasa ya rungume shi, sai majalisar ta fi rabuwa bisa layin jam'iyya. Rinjayen majalisa yanzu kujeru kaɗan ne ke juya shi, kowane zaɓe yana iya sauya mai riƙe da ita. Saboda haka duk nasarar da 'yan adawa suka taya shugaba samu, hujja suka miƙa masa ta sake cin zaɓe. Ka tuna ƙudurin tsaron iyaka na Fabrairun 2024. Sanata James Lankford, ɗan Republican mai ra'ayin riƙau daga Oklahoma, ya shafe watanni yana tsara shi da Sanata Chris Murphy ɗan Democrat da Sanata Kyrsten Sinema mai zaman kanta, kuma ya ƙunshi abubuwan da jam'iyyarsa ta daɗe tana nema. Donald Trump ya ce a ƙi, shekarar zaɓe ce. 'Yan Republican huɗu kacal suka yarda a ci gaba da shi.

Kada ka ɗauka duk 'yan majalisar nan masu taurin kai ne. Lissafin rayuwarsu suke yi. A 1984 mazaɓun da suka zaɓi shugaban ƙasa daga jam'iyya ɗaya, ɗan majalisa daga ɗayar, sun haura 180. A 2020 sun koma 16 cikin 435. Ma'ana mafi yawan 'yan majalisa ba sa tsoron abokin hamayya na ɗaya jam'iyyar. Wanda suke tsoro shi ne ɗan gida da zai taso musu a zaɓen fidda gwani ya ce sun sayar da jam'iyya. Haka Sanata Richard Lugar ya rasa kujerarsa a 2012 bayan shekara 36, haka Eric Cantor, na biyu a shugabancin Majalisar Wakilai, ya faɗi a 2014. Shugaba mai sassauci in ya miƙo wa irin waɗannan hannu, guba ya miƙo musu.

Za ka iya cewa ai a Faransa an ga ɗan tsakiya ya ci. Haka ne, tsarin zagaye biyu ya ba Emmanuel Macron dama a 2017: kashi 24 a zagayen farko, 66 a na biyu. Amma bi abin da ya biyo baya. Ya zuƙe masu sassauci daga manyan jam'iyyun biyu, har a 2022 'yar takarar jam'iyyar Socialist ba ta kai kashi 2 ba, ta jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ba ta kai 5 ba. Wanda ya fusata da gwamnati bai da sauran wurin zuwa sai gefe. Marine Le Pen, abokiyar karawarsa mai tsattsauran ra'ayi, ta tashi daga kusan kashi 34 a 2017 zuwa sama da 41 a 2022, zaɓen majalisa na 2024 ya bar ƙasar da rukuni uku da ba mai rinjaye, kuma a Disambar shekarar aka kifar da gwamnatin Michel Barnier bayan wata uku. An gudu ba a tsira ba.

Inda nake ganin haske shi ne wajen dokar tsayar da 'yan takara, kuma akwai shaida mai ƙarfi. A Janairun 2021 'yan Republican 10 a Majalisar Wakilai suka goyi bayan tsige Trump. Huɗu sun janye daga takara, huɗu sun faɗi a zaɓen fidda gwani, har da Liz Cheney. Biyu suka dawo, Dan Newhouse na jihar Washington da David Valadao na Kalifoniya, kuma jihohin nan biyu suna da tsari iri ɗaya: duk 'yan takara, ko daga wace jam'iyya, takarda ɗaya suke hawa, kowa yana da damar zaɓe, biyun farko su wuce babban zaɓe. Alaska ta ƙara gaba a 2020. Huɗun farko ke wucewa, sannan a babban zaɓe mai ƙuri'a yana jera su bisa fifiko. In ba wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu na magoya bayansa, a yi ta yi har wani ya haura. Wannan yana tilasta wa ɗan takara ya nemi zama zaɓi na biyu a wurin mutanen abokin hamayyarsa, kuma ba ka zagin mutum kana roƙon alfarmarsa. A ƙarƙashin wannan tsarin Sanata Lisa Murkowski, 'yar Republican wadda ta goyi bayan hukunta Trump, ta riƙe kujerarta a 2022.

Mu a Najeriya wannan tunanin ba baƙo ba ne. Sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi an sa shi ne don kada wani ya hau mulki da yankinsa kaɗai, kuma shi ya haifar da shari'ar 1979 tsakanin Awolowo da Shagari, wadda ƙuri'un jihar Kano suka zama ƙashin bayanta. Bai kawar da siyasar ƙabila da addini ba, amma ya sa dole mai neman kujerar ya ƙulla ƙawance nesa da gidansa, ko halinsa ya so ko bai so ba.

Ba zan ɓoye maka rauninsa ba. Tasirin tsarin Kalifoniya a kan halin 'yan majalisa bai kai yadda aka yi fata ba. A Nuwambar 2024 masu zaɓe a Nevada da Colorado da Idaho da Oregon sun ƙi irin waɗannan sauye-sauyen, wasu don suna ganin jera sunaye yana da ruɗani, wasu don jam'iyyun biyu sun yaƙe shi. Alaska ma da ƙyar ta riƙe nata, ratar ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba. Sannan babu dokar zaɓen da za ta gyara yadda birni da ƙauye suka rabu, ko yadda kafofin labarai ke cin kasuwa da fushin jama'a.

Duk da haka, in har shugaba mai matsakaicin ra'ayi yana son ya taɓa gabar da gaske, aikin da zai fi amfani shi ne ya bar 'yan majalisa su tsara ƙuduri ba tare da ya liƙa sunansa a kai ba, ya bar wa 'yan adawa rabonsu na yabo, ya kuma kashe farin jininsa wajen goyon bayan sauya zaɓen fidda gwani a jihohi, ko da 'yan jam'iyyarsa ne za su yi asarar kujeru. Dokokin nan a hannun jihohi suke, shi ba ya da ikon sa musu hannu. Shi ya sa nake ba ka shawara, Malam, ka riƙa bibiyar majalisun jihohi kamar yadda kake bibiyar masu neman White House. Bayan zaɓen 2022, a Majalisar Dattawan jihar Alaska mai kujera 20, 'yan Democrat 9 da 'yan Republican 8 ne suka haɗu suka kafa rinjaye guda, suka raba shugabancin kwamitoci a tsakaninsu.

Wassalam, na gode da tambayar.