Sanarwa kan muhawarar ikon Shugaban Ƙasa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Gardamar da ta kaure a nan kan cewa babu dokar da za ta tabbata sai Shugaban Ƙasa ya so, tana buƙatar gyara.

Sashe na 58 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu kan ƙudurin da Majalisar Tarayya ta aika masa, ko ya bayyana ƙin amincewarsa. Idan ya ƙi, majalisun biyu na iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowacce, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. An taɓa yi: a 2000 haka aka kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, bayan Obasanjo ya ƙi sa hannu. Rashin yin haka a kai a kai, a ganina, laifin ƴan majalisa ne.

Ministoci ma sai Majalisar Dattawa ta tantance su.

Don Allah a daina turo saƙonnin murya marasa tushe kan batun. Mai ja, ya kawo lambar sashe mu duba tare.