Wasiƙar Zangon Farko: Batun Waƙa da Aikin Hannu a Firamare

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna fata kuna lafiya, ku da iyali, yaya kuma sanyi? Hunturu ya fara kankama a nan Gombe, saboda haka a taimaka a riƙa sa wa ƙanana rigar sanyi da safe, a kuma rubuta sunan yaro a cikin wuyanta. Waɗanda aka manta sun fara taruwa a ofis.

A taron iyaye da malamai (PTA) da ya wuce, wasu iyayen 'yan aji 5 da 6 sun nemi a cire darasin waƙa da zane a mayar da lokacin na shirin jarrabawar shiga sakandare. Wani uba ya faɗa kai tsaye cewa bai biya kuɗin makaranta don ɗansa ya zama makaɗi ba. An yi dariya, amma magana ce ta gaske, kuma mun san da wahalar da ake haɗa kuɗin nan. Mun zauna da malamai mun duba, ga abin da muka tsayar: darasin yana nan. Za a ƙara wa 'yan aji 6 lissafi da Turanci bayan an tashi, ba tare da an taɓa lokacin waƙa ba.

Dalili na farko ba daga wurinmu yake ba. Darasin al'adu da fasaha, wanda yaran ke kira CCA, yana cikin manhajar ilimin matakin farko da NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, ta tsara, kuma ya haɗa kiɗa da waƙa, zane, wasan kwaikwayo da rawa. Ko mun so cire shi, ba hurumi ba ne namu. Sai dai ko da babu wannan doka, da za mu koyar da shi.

Yaranmu sun iya waƙa tun daga gida. Wanda aka goya zuwa taron Zumuntar Mata ya sha kiɗan tulu tun kafin ya iya tafiya. Abin da ba su da shi shi ne sanin abin da suke yi. A aji 1 da 2 ba ma taɓa allo tukuna, tafi kawai ake yi. Malama ta kira sunan yaro, aji ya tafa gaɓoɓinsa: Ha-na-tu uku, I-sha-ya uku, Bi-trus biyu. Da wasa ya yi kama, amma yaron da kunnensa ya saba raba kalma gaɓa-gaɓa, idan aka zo haɗa baƙi da wasali ba ya shan wahala irin ta da. Daga aji 3 ake shiga do, re, mi, irin rubutun da kwayar majami'u ke amfani da shi. A nan ne bugu guda, rabin bugu da rubu'in bugu suke shigowa, kuma malamin lissafi ya ce duk lokacin da ya kai kan rabi da kwata a aji 4 sai ya sa su tafa, nan da nan su gane inda ya nufa.

Kwanan baya 'yan aji 4 sun yi wani gwaji da na so a ce kun gani. An kawo tulu biyu, babba da ƙarami, irin na zumunta da ake bugun bakinsu da soso. Aka tambaye su me ya sa babban yake da murya mai kauri. Wata ta ce don ya fi tsufa. Sai malamin ya ɗauko buta ya riƙa tsiyaya ruwa cikin babban, yana bugawa, muryar tana ƙara siranta har ta kusa kamo ta ƙaramin. Da kansu suka gano cewa iskar da ke ciki ce ke yin ƙarar, idan ruwa ya ci wurinta sai murya ta hau. Darasin kimiyya ke nan, ba wanda ya buɗe littafi.

Akwai kuma iyayen da damuwarsu ta daban ce, kuma ita ce na fi so in tsaya a kai. Sun ji mun kawo ganga, kalangu, sarewa da ƙwarya, suna tambaya ko ba al'adun da aka baro ba ne muke komowa da yara ciki. Tambayar tana da asali. Tun da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka iso ƙasar Tangale a 1917, masu bi na farko da yawa sun nisanci kiɗan da aka saba yi wajen tsafi, kuma muna girmama wannan tsayawa tasu. Amma ku buɗe Zabura 150 ku ƙirga kayan kiɗan da aka ce a yabi Allah da su: na busawa, masu tsirkiya, na bugawa, har da rawa. A 1 Sama'ila sura 16, kiɗan Dawuda ne yake sanyaya wa Sarki Saul rai. Fata da itace ba su da laifi, abin dubawa shi ne me ake rerawa, kuma don wa. Duk waƙar da za a koya wa yaro sai ni da faston makaranta mun karanta kalmominta tukuna. A ganina ma, abin da ya fi cancantar damuwa shi ne waƙoƙin da yaro ke haddacewa daga wayar yayansa, ba wanda ya tace masa.

Muna kuma koyar da tsofaffin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, kuma ba ma barin baiti sai yara sun iya faɗin ma'anarsa da bakinsu. Ga roƙo ɗaya a nan. Yawancin yaranmu daga gidajen Tangale, Waja, Tula, Dadiya, Cham da Tera suke, amma Hausa da Turanci ne a bakinsu. Idan akwai kaka ko tsoho a gida mai waƙar yabo ko ta reno da harshenku, a naɗa mana a waya a turo wa malamin aji tare da bayaninta. Ga iyayenmu Musulmi da suka amince mana da 'ya'yansu: ba a tilasta wa kowane yaro rera waƙar sujada ko shiga kwaya. Ƙofar ofis a buɗe take ga mai son ƙarin bayani.

Ɓangaren aikin hannu bai jawo gardama ba, sai dai kukan wanki. Gaskiya ne, ranar yumɓu ba a komawa gida fes. A Fitowa sura 31, Allah da kansa ya cika Bezalel da hikimar ƙira da sassaƙa domin aikin alfarwa, don haka ba ma ɗaukar sana'ar hannu a matsayin abin wanda ya kasa boko. Wannan zangon aji 3 sun gina ƙananan tukwane. Waɗanda suka yi gaggawar shanya nasu a rana sun tarar duk sun tsage, domin waje ya bushe ya tsuke ciki yana ɗanye. Karo na biyu a inuwa suka ajiye, an lulluɓe da tsumma mai laima. Aji 5 suna haɗa launi da zoɓo, gawayi da jar ƙasa, bayan an ba su labarin zanen dabbobi wanda mutanen zamanin da suka bari a jikin duwatsun Geji da Shira a jihar Bauchi. Aji 6 kuwa saƙar faifai suke koyo, maza da mata.

Ba mu sa wani sabon kuɗi ba. Abin da muke nema yana cikin gidajenku: karan dawa yanzu da ake girbi, tsohon kwali, murafen kwalba, ƙyallayen tela, da ƙwaryar da ta fashe. Kowane yaro ya zo da tsohuwar riga ranar Laraba. Iyaye masu sana'ar ɗinki, saƙa, kafinta ko kiɗa da za su iya ba mu sa'a guda, su bar saƙo wajen malamin aji.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin hutun Kirsimeti za a yi waƙe-waƙe da wasan haihuwar Yesu a harabar makaranta, da ƙarfe goma na safe, za a kuma baje ayyukan hannun yara a azuzuwansu. Masu fitowa makiyaya su zo da sanda da mayafi daga gida. Muna roƙo kada a kawo tunkiya ta gaske, kwali zai wadatar. Za a raba katin sakamako bayan an tashi daga taron.

Allah ya ba mu alheri.

Taku cikin hidima,
Shugabar Makaranta