Yatsan wa ke kan kunamar bindigar?

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na daren Laraba kan harbin da 'yan sanda ke yi wa jama'a daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Sau uku baƙonku, tsohon jami'in 'yan sandan nan, yana cewa "tsautsayi ne, bindiga ce ta tashi", sau uku mai gabatarwa yana amsa masa da "haka ne, ranka ya daɗe". Ko sau ɗaya bai tambaye shi yatsan wa ke kan kunamar ba. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin bindigar da aka jingine a bango ta tashi ta harbi mutum ba.

Ba da ka nake wannan magana ba. Ɗan yayata yaron mota ne, shekararsa ashirin da uku, saura wata biyu a ɗaura masa aure. Ranar kasuwa suna dawowa da lodin albasa, yana zaune a kan buhuna, aka tsayar da su a shinge. Naira ɗari ce ta haɗa su. Direba ya ce ya bayar da safe, ya ja mota a hankali, sai ƙara. Ni aka kira, don uwarsa ba za ta iya ba. Na same shi kwance a bayan motar, silifa ɗaya a ƙafa, kuɗin lodi a aljihun gaba sun jiƙe sun manne da juna. A asibiti aka ce sai mun kawo takardar 'yan sanda, alhali tun 2017 akwai dokar da ta ce a fara ceton wanda aka harba kafin a nemi kowace takarda. Takardar wa za mu kawo? Ta waɗanda suka harbe shi? Kafin la'asar ya cika.

Ranar sadakar uku wani babba ya zo da buhun shinkafa biyu da ambulan, ya tsuguna ya yi addu'a, har da share hawaye. Dattawan unguwa suka ce, "Malam, a bar wa Allah." Na ce na bar wa Allah, amma a gaya mini sunan wanda ya yi harbin. Aka ce ana bincike. Na yi sawu bakwai zuwa ofishin, kullum oga ya fita. A na takwas wani kofur ya ja ni gefe ya ce, "Baba, kada ka ƙarar da takalminka, an yi wa wanda ya yi harbin canjin wurin aiki." Shinkafar kuwa yayata ba ta yarda an dafa ko ƙwaya a gidanta ba, almajirai ta raba wa.

Mun yi imani da ƙaddara, kada wani ya koya mana. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya zo da ƙisasi da diyya, ya kuma ce ko kisan kuskure yana da hukunci. Me ya sa rabin karatun kawai ake tuna wa talaka?

Baƙonku ya kawo misalin Bolanle Raheem don ya nuna wai tsari yana aiki. To mu tsaya a kansa. Lauya ce, tana da juna biyu, aka harbe ta a Ajah da ke Legas ranar Kirsimeti ta 2022, a gaban mijinta. Ranar 9 ga Oktoban 2023 babbar kotun Legas ta yanke wa ɗan sandan da ya harbe ta, ASP Drambi Vandi, hukuncin kisa. Ko wata goma ba a yi ba. Kun san abin da ya kama shi? Ƙirga. An duba harsasan da aka ba kowa a cikin 'yan sintirin, na sauran suka cika, nasa biyu suka yi ɓatan dabo. Abokan aikinsa ma suka shiga akwatin shaida. Ashe akwai littafin da ake rubuta bindiga da harsashi, ashe ana iya buɗe shi. An buɗe ne saboda ƙungiyar lauyoyi ta tsaya da ƙafafunta, jaridu suka ƙi yin shiru. Yaron motar albasa ba shi da ƙungiya. Littafin da aka rubuta harsashin da ya kashe shi yana nan a wata durowa, ba wanda ya nema.

Kuma don Allah a daina cika mu da sunayen dokoki. A 2019 an gyara umarnin nan mai lamba 237 kan yadda ɗan sanda zai yi amfani da makami. A Satumban 2020 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda. Ranar 11 ga Oktoban shekarar Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa SARS, rundunar 'yan sanda mai yaƙi da fashi da aka yi ta zanga-zanga a kanta, kwana biyu aka ce ga SWAT a madadinta. An sauya wa tuwo suna. Da aka ce jihohi su kafa kwamitocin sauraren ƙorafi, Kano da Jigawa da Zamfara ba su kafa ba, gwamnoninmu na arewa ma cewa suka yi SARS tana musu amfani. Mu kuma muka yi ta cewa rigimar 'yan kudu ce. Har da ni na faɗa a majalisar shayi, Allah ya yafe mini.

Na san ɗan sanda ma ɗan wani ne, na san 'yan bindiga na kashe su a daji, na san albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Maƙwabcina sajan ne, mutumin kirki. Wannan bai hana a ƙirga harsashi ba. Duk ranar da aka kashe mutum, a karɓe bindigogin 'yan shingen nan take, a ƙirga a gaban lauyan iyalan mamaci, a faɗi sunan wanda nasa suka ragu. Kuma kada ofishin da ya yi kisan ya binciki kansa; ba a ba kura ajiyar nama.

Sai kuma wani abu. Na kira layinku sau goma sha ɗaya a daren, katina ya ƙare ina jin kiɗa. Da aka samu wata baiwar Allah ta shigo tana kuka za ta faɗi abin da aka yi wa mijinta, sai kuka katse ta kuka sa tallan maganin basir, minti huɗu cur. Haba Edita!

Ku sake kiran baƙon nan. Ku ba ni minti biyar kawai tare da shi, zan zo da kuɗin motata, zan kuma zo da silifar.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin firamare