A riƙa gaya wa fasinja dalilin ɗaga marufin taga da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani satin da ya wuce a jirgi daga Kano zuwa Abuja. Muna shirin tashi ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ce wa wani dattijo da ke kujerar gabana ya ɗaga marufin tagarsa, da Turanci ta faɗa, shi kuma rana na dukan fuskarsa ya ce atafau ba zai ɗaga ba ai da kuɗinsa ya sayi tikiti, aka yi ta ja-in-ja har sai da na ranƙwafa na ce Baba yi haƙuri, don ko wuta ta tashi a fiffike a gani da wuri ne. Nan take ya ɗaga, ya ce to ai da haka aka ce mini tun farko.

Gaskiya ni ban ga laifinsa ba, ba wanda ya taɓa yi masa bayani. Yawancin haɗarin jirgi lokacin tashi da sauka yake faruwa, kuma ba a amincewa da babban jirgin fasinja sai an gwada an ga za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofinsa kawai, to a wannan ɗan lokacin ma'aikaci ba shi da sukunin bin tagogi yana buɗewa don ya ga ta wane ɓangare wuta take. Ga kuma ido, mutum ya fito daga duhu zuwa hasken rana ko daga haske zuwa duhu sai ya ɗan daɗe bai gani sosai ba, shi ya sa ma da daddare ake rage fitilun ciki. Masu kashe gobara su ma ta tagar suke leƙo halin da ake ciki.

A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo ya kama da wuta, ƙofa 3 kacal aka buɗe cikin 8 saboda sai da ma'aikata suka duba waje suka ga inda ba wuta, kuma duk mutum 379 suka fita da ransu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne haɗarin jirgin da ya faɗi a Kegworth a Ingila a 1989, injin hagu ne ya lalace matuƙa suka kashe na dama, alhali fasinjoji na ganin wuta a hagu ta taga amma suka yi shiru suna zaton ai matuƙi ya sani, mutum 47 suka rasu. Kenan idon fasinja ma yana da amfani, in ka ga hayaƙi ka yi magana kar ka ji kunya.

Roƙona ga kamfanonin da ke jigila a arewa su ƙara jimla ɗaya tak da Hausa a sanarwarsu. Hukumar NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi su ma su sa wannan cikin bitar maniyyata, don da yawan iyayenmu ranar tafiya Makka ne suke fara shiga jirgi a rayuwarsu.

Naku,
Mai karatu daga Kano